Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Riƙe Da Birane: Ƙafar Jama'a Ce Jarin Titin Kasuwa

Zuwa ga magadan gari, 'yan majalisun birane da ma'aikatan tsara gari, a duk inda kuke.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan babban titin kasuwa, wannan titin da kowane birni yake da irinsa, inda shaguna suka jeru hagu da dama, inda baƙo yake fara nufa in ya sauka, ɗan gari kuma yake zuwa ko ba shi da abin saye. A birane da yawa wannan titi yana mutuwa a tsaye. Shago ɗaya ya rufe, na kusa da shi ya bi sahu, fenti ya koɗe, ƙafa ta ɗauke, waɗanda suka rage suna zaune daga safe har yamma suna kallon hanya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kuke tunkarar gyaran. Da an ce titi ya mutu sai a kira ɗan kwangila, a sauya daɓe, a kafa fitilu masu ado, a yi bikin buɗewa. Bayan shekara biyu shagunan da suke rufe suna nan a rufe, kuɗin jama'a kuwa ya tafi.

Magana ɗaya nake so in ajiye a gabanku. Titin kasuwa yana rayuwa ne da mutanen da suke taka shi da ƙafa, suna da dalilin zuwa, suna kuma da dalilin daɗewa. Duk wata shawara da za ku yanke a kansa, ta mota ce, ta haya ce, ta haraji ce, ku auna ta da wannan: za ta ƙara ƙafa ko za ta rage?

Mai shago ya san lissafin ko da bai taɓa rubuta shi ba. A cikin masu wucewa ta ƙofarsa kaɗan ne za su waiwaya, a cikin masu waiwayen kaɗan ne za su shigo, a cikin masu shigowar ma ba kowa ne zai fitar da kuɗi ba. Idan masu wucewa suka ragu da rabi, cinikinsa ya ragu da rabi, amma kuɗin haya da na wuta da albashin yaran shago ba su san an ragu ba. Shi ya sa ɗan raguwar jama'a yake iya kayar da shagon da ya shekara ashirin yana tsaye. Mota mai gudu ba ta waiwaye. Direba idonsa yana kan hanya, kafin ya gane abin da ke cikin gilashin shago ya riga ya wuce. Wanda yake tafiya a ƙasa shi ne yake ganin takalmin da bai yi niyyar saye ba, ya tsaya, ya taya.

Na san da yawa daga cikinku sun ji labarin Kofanhegan, babban birnin Denmak. A watan Nuwamba na 1962 hukumar birnin ta hana motoci bin titin Strøget, a matsayin gwaji. 'Yan kasuwar titin sun yi ca, suna cewa ƙasar sanyi ce, ba wanda zai yi yawo a ƙasa, ciniki zai mutu. Ciniki bai mutu ba, jama'a suka cika titin, aka mayar da gwajin dindindin. Amma abin da ya kamata ku ɗauka daga labarin yana cikin abin da ya biyo baya. Wani masanin gine-gine, Jan Gehl, ya shiga ƙirga mutane: nawa ne suka wuce, nawa ne suka tsaya, nawa ne suka zauna, a wace kusurwa, da wane lokaci. Shekara da shekaru ana wannan ƙirge, hukumar birnin kuma tana faɗaɗa wuraren masu tafiya a ƙasa kaɗan-kaɗan, tana rage wuraren ajiye motoci a hankali, kowane mataki da hujjarsa a hannu. Haka ma a Kuritiba ta ƙasar Birazil, a 1972, magajin gari Jaime Lerner ya rufe wani sashe na titin XV de Novembro cikin 'yan kwanaki, 'yan kasuwa suna barazanar kai shi kotu. Ba a daɗe ba su da kansu suka nemi a ƙara tsawon wurin.

To, kada ku yi saurin cewa an gano maganin, a rufe titi kawai. Amurka ta gwada haka, ta sha kashi. Daga 1959, lokacin da garin Kalamazoo ya fara, birane kusan 200 sun hana motoci shiga manyan titunan kasuwarsu. Mafi yawansu sun janye daga baya. Kalamazoo ɗin kanta ta sake buɗe wani sashe ga motoci a 1998. Fresno ta jihar Kalifoniya ta rufe titin Fulton a 1964, ta ƙawata shi da zane-zane da maɓuɓɓugan ruwa, ta sake buɗe shi a 2017. Me ya sa abin da ya yi albarka a Kofanhegan ya ƙi a Fresno? Saboda a biranen Amurka na wancan zamani mutane sun riga sun kwashe sun koma unguwannin bayan gari, manyan kantuna sun bi su can. Tun 1956 aka buɗe Southdale kusa da Minneapolis, katafaren rukunin shaguna mai rufi da na'urar sanyi da filin ajiye motoci iya ganinka, kuma irinsa suka yaɗu ko'ina. Sai aka kori motoci daga titin da babu masu tafiya a ƙasa, aka zauna jira. 'Yan wuraren da suka tsira, kamar titin Pearl a Boulder da titin Church a Burlington, garuruwan jami'a ne, inda dubban mutane suke kwana, suke karatu, suke aiki a kusa da titin. Daɓe bai taɓa haifar da mutum ba. Sai akwai mutanen tukuna, sannan gyaran titi ya riƙe su.

A nan ne nake roƙonku ku dubi hannunku, domin sau da yawa ku ne kuke kwashe jama'ar da kanku ba tare da kun lura ba. Kun ga fili mai araha a bayan gari, kun mayar da sakatariya can. Asibiti ya bi, kotu ta bi, an ɗauke tashar mota saboda cunkoso, an ba makaranta sabon wuri. Kowace shawara ita kaɗai tana da hujja. Amma ma'aikacin da yake fitowa da rana ya nemi abin da zai ci, da mai jinyar da yake neman kantin magani, da matafiyin da zai sayi tsaraba kafin mota ta tashi, da ɗalibin da yake neman mai buga takarda, su ne cinikin titin. Kun ɗauke su, sannan kun kafa kwamitin binciken abin da ya kashe kasuwa. Ingila ta gane wannan bayan ta yi asara mai yawa: a 1996 ta sa doka a tsarin gine-ginenta cewa duk mai son gina babban kanti sai ya fara nuna cewa babu wurin da ya dace a tsakiyar gari kafin a bar shi ya fita waje. Ku ɗora wa ofisoshinku wannan sharaɗin kafin ku ɗora wa kowa.

Sai kuma benayen da ke saman shaguna. A tituna da yawa, ka ɗaga kai sai ka ga tagogi a toshe, an mayar da ɗakunan sito ko an bar wa ƙura. Kowane ɗaki a nan gidan iyali ne da aka rasa. Wanda yake kwana a kan titi shi ne mai saye na farko da safe, shi ne na ƙarshe da dare, kuma idonsa a taga ya fi mai gadi tsare wurin. Titin da ofisoshi kaɗai suka kewaye yana mutuwa da an tashi aiki, wanda gidaje kaɗai suka kewaye yana kwana da rana. Cakuɗuwar ita ce take sa a ci kasuwa tun hantsi har bayan isha'i. Idan dokokinku na gini sun hana a zauna a saman shago, ku gyara dokokin. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Batun mota kuwa, ina so in yi magana da ku da kuma 'yan kasuwar da suke zuwa ofisoshinku da koke. Kokensu kusan kullum ɗaya ne: a ƙara wurin ajiye motoci, in ba haka ba masu saye ba za su zo ba. Suna faɗin abin da suka yarda da shi ne tsakani da Allah, amma sau da yawa ƙiyasinsu ya kauce. A birnin Graz na ƙasar Ostiriya an yi wani bincike a 1991: aka tambayi masu shaguna ta yaya masu sayensu suke zuwa, suka ce kashi 58 cikin ɗari da mota ne. Da aka tambayi masu sayen, kashi 32 ne kawai suka zo da mota, kashi 44 kuwa da ƙafa suka tako. An maimaita irin wannan tambaya a Bristol ta Ingila da Balin ta Jamus da Toronto ta Kanada, amsar tana fitowa kusan iri ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai shago yawanci da mota yake zuwa, kuma mai mota ne yake shigowa yana ƙorafin bai sami wurin tsayawa ba. Wanda ya tako ba ya cewa komai, ya saya ya tafi, gobe ya dawo.

Ba ina cewa mota ba ta da wuri ba ne. Dole kaya su sauka, dole tsoho da mai lalura su iso ƙofa. Amma wurin tsayawar da yake kyauta a bakin shago, wa yake mamaye shi? Mai shagon da ma'aikatansa, tun da sassafe har a tashi. Mai saye ya zo ya zagaya ya zagaya ya haƙura. Unguwar Old Pasadena a Kalifoniya ta warware wannan a 1993: ta sa kuɗin tsayawa a bakin titi, ta kuma yi alkawarin cewa kuɗin da aka tara a unguwar za a kashe shi, a kan shara da fitila da gyaran hanyar masu tafiya. 'Yan kasuwar da suka ƙi da farko suka amince saboda sun ga inda kuɗin yake tafiya. Marigayi Donald Shoup, malamin jami'a a Los Anjeles da ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan batu, shawararsa ita ce a daidaita kuɗin yadda kowane lokaci za a sami gurbi ɗaya ko biyu a buɗe a kowane layi. Sharaɗin dawo da kuɗin wurin da aka karɓe shi ne ginshiƙin. In kuka karɓa kuka zuba a babban asusu, haraji ne kawai kuka ƙara, kuma jama'a za su gane.

Yanzu ga abin da ba ku cika son taɓawa ba: haya da haraji. Titi yana iya cika da mutane amma ya kori 'yan kasuwar da suka cika shi. Ƙananan shaguna su raya wuri, wuri ya yi suna, masu gini su ninka haya, ƙananan su fita, manyan kamfanoni masu rassa su shigo, titin ya zama kamar kowane titi a kowane birni. Daga nan mutum ba shi da dalilin barin unguwarsa ya zo. Ranar da babban kamfanin ya durƙushe kuwa, ramin da zai bari ba mai iya cike shi. Birtaniya ta ga wannan da idonta. Woolworths ya rufe shaguna kusan 800 a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, BHS ya bi a 2016, Debenhams ya rufe na ƙarshe a 2021, aka bar manyan gine-gine a tsakiyar garuruwa ba kowa. A ƙasar, harajin wurin kasuwanci ana lissafa shi ne bisa darajar hayar ginin, don haka shagon da ke tsakiyar gari yana ɗaukar nauyin da, in aka duba girmansa, ya fi na katafaren siton da ke bakin babbar hanya, wanda daga cikinsa ake aika kayan da aka saya ta intanet. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sayayyar da jama'a suke yi a ƙasar yanzu ta intanet ake yinta. Ku duba naku tsarin harajin, ku tambayi kanku wa yake hukuntawa.

Akwai waɗanda suka nuna cewa ana iya riƙe linzamin. A Landan, mamallakan yawancin gine-ginen titin Marylebone, wato gidan Howard de Walden, sun sauya tunani a tsakiyar shekarun 1990. Suka daina ba wanda ya fi taya haya da tsada, suka shiga zaɓen 'yan hayan da za su ja mutane, ko da za su biya ƙasa da wasu. Titin ya farfaɗo, darajar dukan unguwar ta tashi, su ma suka ci riba. Wannan ya yiwu ne saboda hannu ɗaya yake riƙe da gine-ginen. Inda masu gini suke da yawa, kowa yana duban aljihunsa kaɗai, nan ne aikinku yake. Birnin Faris a 2004 ya ba wani kamfaninsa da ake kira Semaest a lokacin aikin sayen shaguna a unguwannin da sana'a ɗaya ta mamaye ko shaguna suka yi ta rufewa, ya gyara su, ya ba ƙananan 'yan kasuwa haya mai sauƙi. Ta haka aka riƙe shagunan littattafai da dama a unguwar jami'a. Ingila kuma daga Disamba 2024 ta ba ƙananan hukumomi ikon yin gwanjon hayar shagon da aka bari a rufe fiye da shekara guda. Ina ganin wannan adalci ne. Shagon da aka kulle ba mai shi kaɗai yake cutarwa ba. Masu tafiya suna isowa gabansa su ga duhu, su ɗauka kasuwa ta ƙare, su juya, maƙwabtansa na gaba su rasa ciniki ba da laifinsu ba.

Don haka ne ma nake roƙonku ku kula da faɗin ƙofofi idan ana sabon gini. Shaguna goma masu ƙananan ƙofofi sun fi banki ɗaya mai doguwar katanga amfani ga titi, domin kowace ƙofa dalili ce na tsayawa, kuma ƙaramin shago ne mai ƙaramin jari yake iya kamawa. Kada kuma ku tsorata idan masu sana'a ɗaya suka taru a layi ɗaya. Mai neman kaya yana son inda zai kwatanta, ya taya nan ya taya can. Abin da ya sa teloli suka taru a titin Savile Row na Landan, masu kayan lantarki suka taru a Akihabara ta Tokiyo ke nan, kuma taruwar ce take jawo mutum daga nesa.

Sai masu kasa kaya a bakin titi da 'yan talla. Na san su ne farkon waɗanda kuke kora idan ana shirin tarbar baƙi, kuma wannan yana ƙona mini rai. Waɗannan bayin Allah sun fi kowane mai ba ku shawara sanin inda ƙafa take, domin abincinsu na yau ya dogara da hakan. Inda suka taru, nan kasuwa take. Gaskiya ne suna iya toshe hanya, suna iya tara shara, mai shagon da yake biyan haya kuma yana da hakkin a ga ƙofarsa. Maganin wannan tsari ne: a shata wuri, a ba da lamba, a sa ruwa da banɗaki da wurin ajiya, a karɓi kuɗi daidai ƙarfinsu. A Durban ta Afirka ta Kudu, a mahaɗar Warwick, inda ɗaruruwan dubban mutane suke ratsawa kullum tsakanin jirgin ƙasa da motocin haya, hukumar birnin ta zauna da dubban masu ƙananan sana'o'i tun tsakiyar shekarun 1990, ta gina musu rumfuna da gadoji bisa yadda suke aikinsu. Da aka zo a 2009 da shirin rushe tsohuwar kasuwar wurin a gina katafaren kanti, 'yan kasuwar suka tsaya kai da fata har aka janye. Kora ba ta kawar da su, tana mayar da su lungu ne, tare da masu sayen da suke biye da su.

Ragowar aikin ba ya ɗaukar ido, shi ya sa ake mantawa da shi. Inuwa, wurin zama, banɗaki mai tsabta, fitilar da take kamawa, kwatar da ba ta toshe ba, wurin tsallaka titi da uwa mai goyo za ta bi ba tare da fargaba ba. Tsoho ba zai daɗe inda ba wurin hutawa ba, mace ba za ta tsaya bayan magariba inda take jin tsoro ba, kuma duk wanda ya tafi da wuri ya tafi da kuɗinsa. Wannan aikin kullum ne, yana son mai kula da shi wanda aka san sunansa. 'Yan kasuwar Bloor West a Toronto sun ga haka a 1970, lokacin da manyan kantunan bayan gari suka fara janye musu jama'a. Suka nemi doka ta ba da damar a ɗora ɗan ƙarin kuɗi a kan kowane mai kasuwanci a yankin, su kuma su sarrafa shi don amfanin titin. Hikimar ita ce kowa yana biya, ba mai laɓewa ya ci moriyar gumin wasu. Tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da yawa. In za ku ɗauke shi, ku tabbata mai ƙaramin shago da mai tebur suna da murya a ciki, kada ya zama majalisar manyan masu gini.

Wani titin kuma dole a yarda ya fi ƙarfin cinikin da ya rage masa. Garin Stockton a arewacin Ingila ya rushe wani tsohon rukunin shaguna a tsakiyarsa don ya yi filin shaƙatawa a bakin kogi, ya tattara 'yan kasuwar a sashe ɗaya. Gajeren titi cikakke ya fi dogo mai giɓi.

Abin da nake nema gare ku kafin ku sa hannu a kwangila ta gaba ba shi da tsada. Ku tura ma'aikata su tsaya a titin su ƙirga masu wucewa, da safe da rana da dare, ranar aiki da ranar hutu. Su tambayi masu saye daga ina suke, da me suka zo, me ya kawo su. Su rubuta kowane shago da yake rufe, wa ya mallake shi, tun yaushe, nawa yake nema. Ku buga sakamakon kowa ya gani, ku maimaita baɗi a daidai wannan lokaci. Duk sauyin da kuke son yi, ku fara gwada shi da fenti da tukwanen shuka na 'yan watanni, kamar yadda birnin Niyok na Amurka ya yi a dandalin Times a 2009 kafin ta zuba kankare. Sannan ku kira taro a lokacin da mai shago zai iya halarta, bayan an rufe kasuwa, a cikin titin kansa, ku zo da ƙafa.

Allah ya yi muku jagora a kan amanar da kuka ɗauka.

Naku,
Mai kishin ƙananan 'yan kasuwa.